Gas Take Sha

Na san sunan da kuka sa wa motar nan da ke fake a gindin darbejiyar ƙofar gida. Kuna ce mata Giwar Baba, kuma na san abin da kuke nufi ya wuce girmanta. A ganinku, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya a kan babur yana koya wa manoma tazarar shuka, da aka ba shi kuɗin sallama sai kansa ya kumbura, ya je ya sayo abin da ya fi ƙarfinsa don a san ya iso. Ummanku ma haka ta ɗauka da farko, kuma ba ta ɓoye ba, don ita ba ta iya ɓoye ra'ayi ko a gaban baƙi. Ban taɓa musa muku ba. Zargin son a sani ya fi mini sauƙin ɗauka a kan ainihin dalilin, shi ya sa na bar ku da shi. Yanzu da ido ya fara raguwa, gara in rubuta yadda aka yi, ku yanke hukuncinku a kan gaskiya.

Shekarar da na ajiye aikin malamin gona ita ce shekarar da abin ya fi tsanani a yankinmu. Manyanku za su tuna: aka yanke sabis ɗin waya, aka rufe wasu kasuwanni, aka kuma hana sayar da fetur a jarka ko a galan. Dalilin hanin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen daji a kan babur suke zuwa, babur kuwa ba ya tafiya sai da fetur, don haka aka ce a toshe musu ta nan. 'Yan bumburutun da ke jera kwalabe a bakin hanya suka ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. A gidan mai ma sai a auna maka kaɗan a tanki, a dube ka, a dubi abin hawanka. A lokacin ne wata kalma ta shigo bakin mutane, har yara suka iya ta: infoma. Asalinta mai kai wa ɓarayi rahoto, amma ta yi ta faɗaɗa har ta haɗa da mai kai musu burodi, da mai kai magani, da mai kai mai. Wanda aka liƙa wa ita ba a cika tsayawa jin ta bakinsa ba.

Ni kuwa dole ce ta sa nake bin hanyar da kowa ke gudu. Yayana Malam Lawal, wanda kuke kira Baba Malam, yana 'yar unguwarmu ta asali da ke bayan garin Babban Duhu, a gidan da mahaifinmu ya bari. Ciwon suga ya riga ya cinye masa ƙarfin ƙafa. Na yi magiya har na gaji a kan ya dawo Batsari mu zauna tare, ya ce dattawan da ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar ba su gudu ba, shi da wane ido zai gudu ya bar su. Saboda haka kowace Asabar nake kai masa magani da ɗan abin da ya samu, in leƙa gonarmu ta gado, in juyo tun da sauran rana. A babur nake yi, har gwiwoyina suka fara ƙorafi. Ga shi a kowane shinge sai an sauke ni an zazzage jakata, don a shekarar babur da kansa ya zama abin tuhuma. Da kuɗin sallama suka fito, babu wanda ya yi gardamar cewa mota ake bukata, kuma mai tsayin ƙafa, don daga inda kwalta ta ƙare rairayi ne da rani, taɓo da damina.

Ɗanjuma bakanike, wanda ya daɗe yana gyara motocin ofishinmu, shi ya kai ni Katsina ya nuna mini guda biyu da ƙarfina zai iya kaiwa. Ta farko ƙaramar jif ce ruwan toka, mai shan fetur, ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. In an tayar da ita sai ka kasa kunne kafin ka tabbata tana aiki. Kujerunta biyar, cikinta na ƙamshi, tana juyawa a lungun da amalanke ke juyawa. Ta biyu ita ce wannan da kuka sani: babba, fara, tsohuwar motar wata ƙungiya da aka yi gwanjonta, layin kujeru uku, an kankare tambarin ƙofa amma inuwarsa na nan. Ita gas take sha, ba na girki ba, man manyan motoci da ɗan'uwanku Kabiru ke kira dizal. Da Ɗanjuma ya murza makulli sai da awakin da ke kwance a gindin katanga suka miƙe. Ya buga bonet da tafin hannu ya ce injin nan sai ya ga bayanmu duka, amma ya ƙara da cewa in wani abu nata ya lalace sai an aika Kano, kuma gas ba a kowane gidan mai ake samunsa ba. Na tambaye shi wadda zai zaɓa mini. Ya ce shi bakanike ne, babbar ta fi masa amfani, amma in don ni ne, ƙaramar.

A gida ba a yi wata doguwar muhawara ba, don bakin kowa ya zo ɗaya. Kabiru yana hutun jami'a a lokacin, ya zaunar da ni ya jero dalilai kamar mai ba da lacca: ƙaramar ba ta shan mai, kayanta na nan a Katsina, gas ya fi fetur tsada, kuɗin tayar babbar guda ɗaya sai ya sa mutum zazzaɓi. Duk gaskiya ne, har yau ban sami inda ya yi kuskure ba. Ummanku kuwa ba ta shiga maganar inji ba.

"Malam, ka dubi lokacin da muke ciki," ta ce. "Mai kuɗin gaske yanzu tsohuwar riga yake sawa in za shi ƙauye. Kai da ba ka da komai sai fansho, kai ne za ka shiga farar mota kamar ɗan majalisa? So kake a ɗauke ka a tambaye mu abin da ba mu da shi?"

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ma ƙaramar nake so. Kuma gaskiya na faɗa. Tun a hanyar dawowa daga Katsina na riga na ga kaina a cikinta, gilashi a rufe, sanyi na busa ni. Abu ɗaya ya rage. A gidanmu ƙarami ba ya yin babbar sayayya sai ya gaya wa babba, ko da kuwa ƙaramin ya yi furfura. Ni a wurina sanarwa ce kawai da neman albarka, don Baba Malam ko keke bai taɓa mallaka ba. Me zai ce a kan mota?

Na same shi ranar Asabar a zaure, zaune a kan buzu ya miƙe ƙafafu, littattafai a gefe. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa, ya tambayi gwiwar. Sannan na kwashe bayanin motocin nan biyu na gaya masa, na ce mun tsaya a kan ƙaramar. Ya gyara zaman tabarau.

"Wagga ƙaramar, mi take sha?"

"Fetur, Yaya."

"Babbar fa?"

"Gas."

"Shi gas ɗin, babur na shan shi?"

Dariya ta kama ni. Na ce ko kusa, in an zuba wa babur gas ai an kashe shi ke nan.

"To sayi mai gas," ya ce.

Na ɗauka bai fahimta ba, na fara maimaita masa dalilan Kabiru, na ɗora da na Ummanku. Ya bar ni na gama tsaf kafin ya yi magana.

"Salisu, kai hanya kake dubawa, ni ƙofar gidan ga nake dubawa. Kowace Asabar za ka zo ka aje mota nan da tanki cike, cikin garin da kwalba guda ta fetur ta fi buhun gero wuyar samu. Kana tsammanin ba a zuwa? Mai mata bisa gwiwa zai zo. Mai son kai saƙon rasuwa zai zo. Nan za su durƙusa gabana su ce Malam a sa baki. Ni ban iya hana maƙwabci abin da yake gani da idonshi, kai ma ba ka iyawa, na san ka tun kana rarrafe. Ka ba na farko don Allah, ka ba na biyu, na ukku ba ka san inda zai kai shi ba. Kuma wanda ya hangi tiyo cikin tankinka daga nesa ba ya zuwa ya tambaye ka na wane ne. Sunanka zai tafi, ya tafi da nawa, ya tafi da na mahaifinmu da ke kwance bayan garin ga."

Na ce to ai da sauƙi, sai in riƙa cewa man ya yi ƙasa, iyakar na komawa gida ne.

"Watau duk mako ka zo ka yi ƙarya ƙofar zaurena," ya ce. "A'a. Sayi wadda in ka ce babu, babun ce."

Na koma Batsari raina a ɓace, kuma abin da ya ɓata shi shi ne na rasa inda zan kama maganar in karya. Baba Malam ya san ni. Lokacin da nake rabon taki a ofis, sau nawa nake komawa gida ba tare da nawa kason ba don wani tsoho ya riƙe mini hannu? Amma duk da haka shawarar ta yi mini muni. Mutum ya ɗauki gumin shekara talatin ya sayi abu don ya ɗaure hannun kansa daga taimakon mutanen garinsu, wannan ba abin da za ka faɗa a majalisa a yaba maka ba ne. Na yi mako biyu ina juya ta. Na je na sake kallon ƙaramar har sau biyu, na zauna a ciki, na riƙe sitiyari. A zuwa na uku na ce wa Ɗanjuma a rubuta takardar babbar. Ya dube ni, ya cire hula ya sosa kai, ya ce Allah ya sanya alheri, kuma ya san zai riƙa ganina.

Ranar da na shigo da ita layinmu, Ummanku ta fito da mayafi ta zagaya ta sau ɗaya, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," ta ce. "A ina za a kafa rumfar kamfen?"

Ta yi kwana uku ba ta kirana da komai sai Honarabul. Kabiru ya koma makaranta yana jin haushi, don a ganinsa na tambaye shi ne kawai don in raina iliminsa. Abokaina na majalisar bakin kasuwa suka samu abin taunawa na wata guda. Ban yi wa kowa bayani ba. In na faɗi dalilin a gida, wata rana zai fita, in kuma ya kai ƙauye ya zama zagi: ƙanin Malam ya sayi mota musamman don kada mu roƙe shi. Sai na rungumi sunan mai girman kai na yi shiru. Wahalar da Kabiru ya hango kuwa duk ta zo, ba ta bar ko ɗaya ba. Sau da yawa sai na je Dutsin-ma ko Katsina kafin in sami gas. Akwai watan da ta yi kwana goma sha wani abu a garejin Ɗanjuma ana jiran wani ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba.

Amma abin da Baba Malam ya hango shi ma ya zo. A Asabar ta biyu wani magidanci ya zo da kwalba a aljihun riga, ya durƙusa a zaure ya ce a taimaka masa da ɗan abin da zai kai babur ɗinsa Safana. Na ce masa gas take sha. Ya ce af, ya yi dariya, ya miƙe. Babu ɓacin rai, babu jin kunya, don ya san ba hana shi na yi ba. Haka aka yi ta yi har labari ya gama unguwa aka daina zuwa. A shinge ma sai su buɗe murfin tanki su shinshina su ɗaga mini hannu. Kuma abin da na kasa bayarwa a kwalba na riƙa bayarwa ta wata hanya, don duk Asabar da zan juyo sai an sami mara lafiya ko mai tsohon ciki an shimfiɗa masa tabarma a baya na sauke shi asibiti. Har na fara jin daɗin kaina. Na riƙa cewa a raina lallai babba babba ne, ya hango mini abin da masu boko ba su hango ba.

Sai damina ta yi nisa, dawa ta rufe mutum. A lokacin aka ɗauke Haruna a gona. Haruna ɗan Tanimu ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Tanimu kuwa sa'ana ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da namu, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki kafin a kai ni boko a bar shi da garma. Duk girman da na yi a ofis, shi Salisu yake kirana, wani lokaci ma ya haɗa da sunan tsokanar da ba zan rubuta muku ba. Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari, bayan azahar, ya yi sallama a zauren Baba Malam da buhu a hannu. Ya tsuguna nesa da tabarma, ya gaida Malam, sannan ya juyo gare ni.

"Alhaji, barka da hutawa," ya ce.

Tun daga wannan Alhajin na san abin da ya kawo shi mai nauyi ne. Ya buɗe bakin buhun, sai ga jarka ruwan ɗorawa da tiyo a naɗe.

"Maganar Haruna ce. Abin da sunka ce mun haɗa, shanun huɗa sun tafi, dangi sun kama. To jiya sunka sako wani da saƙo, wai sai an haɗa da jarka guda ta fetur, in babu kada mu taso. Kwana ukku sunka ba mu."

Na dubi Baba Malam. Idonsa na kan littafin da ke buɗe a cinyarsa, amma na ga bai juya shafi ba.

"Tanimu, wallahi gas take sha," na ce.

"Na ji ana faɗi. To amma an ce mani manyan motocin ga tanki biyu gare su. Na ce ko ɗayan na fetur ne."

Gaskiya ne tanki biyu gare ta, irin motocin da aka yi don doguwar tafiya. Na tashi muka fita tare, na nuna masa su, na gaya masa duk biyun gas ne. Na buɗe murfi. Ya ce ba sai ya duba ba, ya yarda da ni, amma duk da haka ya sunkuya ya kai hanci, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya naɗe tiyonsa a hankali ya mayar cikin buhu. Na sa hannu a aljihu na ba shi abin da ke ciki. Ya amsa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tafi.

Ga abin da ban gaya masa ba, kuma shi ne dalilin rubuta wannan labari. Tsohon babur ɗina yana nan jingine a zauren gidanmu na Batsari, tankinsa kusan cike. Na san masu motocin fetur a gari da ba za su hana ni lita biyu-biyu ba in na roƙa. Da na sa kaina, kafin kwana ukun nan da na cika jarkar. Maganar ta zo har bakina. Sai na hango jarka ruwan ɗorawa a bayan farar motata, na hango shinge, na hango bakin mutane, na haɗiye ta. Daga baya na samo wa kaina hujja mai kyau, cewa man da za a ba su shi zai kai su wani gari, ko wajen Ruma ko Karare, su ɗauko ɗan wani. Hujjar gaskiya ce, har yau ina ganin gaskiya ce. Amma ba ita ta hana ni ba, don a tsaye a gindin motar nan ko tunaninta ban yi ba. Tsoro ne ya hana ni. Kuma da Tanimu ya juya baya, abin da na fara ji a ƙirjina sauƙi ne, kamar an sauke mini kaya. Wannan sauƙin nake jin kunyarsa har yau.

Wanda ya cika jarkar shi ne Isiya mai inji. Shi ke niƙa wa matan unguwa hatsi da wani ƙaramin inji mai shan fetur, kuma saboda sana'arsa ya daɗe yana tara man da kwalba-kwalba, duk inda ya samu. Ba dangin Tanimu ba ne, baƙo ne ma da aure ya zaunar da shi a garin. An ce da Tanimu ya je masa bai tsaya dogon tunani ba, ya shiga ɗaki ya fito da abin da ya tara gaba ɗaya, ya ce mata su koma turmi na ɗan lokaci. Aka kai. Bayan kwana huɗu Haruna ya dawo da ƙafarsa, ya rame, ƙafafu sun kumbura, amma da ransa. Na je barka Asabar da ta biyo baya. Tanimu ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini fura, ya kira ni Alhaji.

Ba a yi wata guda ba aka kai hari wani ƙauye da ke gabas da mu, aka kashe mutane, aka kora shanu. Cikin zafin abin sai aka fara tambayar wa ke ba su mai, kuma wani ya tuna ya ga an fito da jarka daga gidan mai inji. Ba wanda ya tsaya tambayar ta wane ce, ko da yake rabin unguwa sun sani. Matasan da ke gadin gari suka kama Isiya suka tafi da shi. Baba Malam ya sa aka ɗauke shi a kujera aka kai shi har inda suke, Tanimu na biye da shi yana rantsuwa, sannan aka sako Isiya da hannu a karye da sharaɗin ya bar garin cikin mako. Ko ba sharaɗin ma zama ya ƙare masa, don babu matar da za ta yarda a gan ta da ƙwarya a ƙofar gidansa.

Da na je Asabar ɗin na sami Baba Malam shi kaɗai, masu karatu ba su iso ba. Na zauna, sai na ji bakina yana cewa shawararsa ta tsare mu, da ƙaramar na saya da yanzu ni ne. 

"Ta tsare mu," ya ce. "Ni dai gidan ga na duba, ban duba na Isiya ba. Allah ya yafe mani. Jibi za shi Katsina wurin ƙanin matarshi, kuma babu mai motar da zai yarda ya ɗauki kayanshi."

Na ce zan zo.

Da na koma gida a ranar na gaya wa Ummanku komai, tun daga tambayar babur har zuwa jarkar Tanimu da man da ke zaurenmu. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba har na kai ƙarshe. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce da ma ta faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaye ni 'ya'yan Isiya nawa ne, na ce huɗu, ta tashi ta fara ƙulla gari da kuka da daddawa a leda. Tun daga ranar, in ta tsokane ni da Honarabul a gabanku, rufa mini asiri take yi, kuma na gode mata.

Ranar Litinin na isa ƙofar gidan Isiya da hantsi. Babu wanda ya fito taya shi sai Tanimu da Haruna. Muka kwantar da kujerun baya, muka fara da injin, mu uku muna nishi, Isiya na tsaye da hannu a rataye yana nuna mana inda za a kama. Sai buhunan hatsi, da katifa, da akwatin ƙarfe, da tukwane, da keken ɗinkin matarsa. Abin da ya rage muka ɗaure a sama. Matar da yara suka matsu a layin tsakiya, shi ya zauna gaba kusa da ni. Tun da na sayi motar ban taɓa cika ta haka ba, kuma ta ɗauka ba ta ko nuna ta ji ba. Muka ratsa unguwa, mutane na zaune a gindin bishiya suna kallon ƙasa. A hanya bai yi magana ba sai sau ɗaya, da ya tambaye ni ko a birni ana samun masu kawo niƙa kamar na ƙauye. Na ce ana samu.

Mun isa bayan azahar, wata unguwa a gefen Katsina da ko kwalta ba ta kai ba. Ƙanin matar ya fito da maƙwabta aka sauke kaya, aka jingine injin a bakin ƙofa. Na miƙa wa matar ƙullin Ummanku. Da zan shiga mota Isiya ya biyo ni, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi ta sa albarka, ya haɗa da iyayena da ku da bai taɓa gani ba. Sannan ya dubi motar daga gaba har baya.

"Alhaji, Allah ne ya sa ka sayi babba," ya ce. "Da ƙarama ce da injin nan bai shiga ba."

Na ce masa haka ne. Na tayar da mota na kamo hanyar Batsari, babu kowa a ciki sai ni.